Aji a Cikin Jirgin Sama

Daga Kumasi zuwa Tamale tafiyar wuni ce. Mun bi ta Techiman da Kintampo, muka haye kogin Volta a Buipe, kurmi ya yi ta raguwa har ƙasa ta koma ta kaɗanya da ɗorawa, kai ka ce hanyar Zariya ce. Dagbanci ne harshen gari, amma Hausa na ci a tasha da kasuwa, don haka ciniki da mai keke bai ba ni wuya ba.

"Malam, wurin jirage za ka?" in ji shi, tun ban gama faɗin sunan wurin ba.

Abin da ya kawo ni aikin Ibrahim Mahama ne, ba attajirin nan ƙanin John Mahama ba, mai fasahar da aka haifa a Tamale a 1987. Da tsofaffin buhunan koko ya yi suna, waɗanda suka gama aikinsu suka koma hannun 'yan gawayi. Yakan sa a ɗinke su wuri guda ya lulluɓe gini sukutum, a Venice kuwa a 2015 bangayen wani dogon lungu ya lulluɓe da su. Kuɗin da Turai ta biya bai tsaya can ba. A 2019 ya buɗe cibiyar fasaha ta SCCA a cikin gari, inda aka fara da baje kolin ayyukan dattijo Kofi Dawson, a 2020 kuma ya buɗe Red Clay a bayan gari. Shiga kyauta ce.

Red Clay ɗin ce ta cinye mini wuni. Manyan zaurukan jan bulo ne, a filin gabansu ga tsofaffin jiragen sama da aka jawo bisa manyan motoci aka girke, gefe kuma ga taragan jirgin ƙasa na zamanin Turawa. Wannan ba ƙaramin habaici ba ne: layin dogon Gana bai taɓa isowa arewa ba, ma'aikata kawai aka riƙa kwasa daga nan zuwa gonakin koko da ma'adinan kudu.

Na tarar da 'yan firamare sun zo da malamarsu. Aka jera su, suka hau matakalar jirgi suna ture-ture, wata yarinya ta cire silifas a bakin ƙofa kamar za ta shiga ɗakin kakarta. A ciki zafi ya ishi kowa, amma ba wanda ya nemi fita. Aka raba takardu da fensir, aka ce kowa ya zana abin da yake hangowa ta taga. Wani yaro bai zana komai ba, sai shafa kusoshin jikin jirgin yake yi yana ƙirgawa.

"Baba, matsa ciki mana, kujera ba ta ƙare ba," malamar ta ce da ni, na kuwa zauna.

Na shiga gidajen baje kolin fasaha a manyan birane inda shirin yara ɗan ƙari ne da ake liƙawa a ƙarshen jadawali don masu ba da tallafi su gani. A nan, a ganina, bita da nuna fim da zaman tattaunawa su ne gidan. Abin da aka rataye a bango dalilin haɗuwa ne kawai.

Washegari na leƙa Nkrumah Volini, katafaren rumbun siminti da aka fara ginawa zamanin Kwame Nkrumah, aka watsar bayan juyin mulkin 1966. Mahama ya saye shi, aka share, aka buɗe wa jama'a a 2021. Jemagun da aka tarar a ciki ba a kore su ba, don haka duk mai shiga sai ya shirya hancinsa.