Dogon hutu ya zo: me 'yan ƙaramar sakandare za su karanta?

Jama'a, an rufe makarantu sai Satumba, kuma tun yara ba su ajiye jaka ba tallan lesin ya cika unguwanni. Ban ce lesin ba shi da amfani ba. Amma galibinsa maimaici ne: malami ya rubuta a allo, yaro ya kwafa, ya haddace. Abin da yaranmu suka rasa daban ne, wato zama da littafi guda tun daga bangon farko har na ƙarshe.

A ofis muke ganin sakamakon. Matashi zai zo da digirinsa, ka ba shi takarda mai shafi uku ka ce ya taƙaita maka a layi biyar, sai ka ga gumi. Wallahi ba daƙiƙi ba ne, bai saba doguwar karatu ba ne kawai. Shi kuwa wannan sabo tun ana yara ake kama shi. In aka bari ya wuce, waya ta riga ta cinye gurbin.

Ni nawa biyu ne a wannan mataki, kuma da Hausa muke farawa. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam juzu'i uku ce, labaranta gajeru, aku na jan Musa da hira don kada ya fita yaƙi. Yaro zai gama labari ɗaya a zama guda, ya nemi na gaba da kansa. Sai Ruwan Bagaja, inda rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke sa su dariya har da hawaye. Shi da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa duk daga gasar 1933 suka fito, wadda Rupert East ya shirya. Shaihu Umar na fi ba ɗan aji uku, don maganar bauta ce da uwa mai neman ɗanta har hamada, dole ya yi tambayoyi. A Turanci akwai Chike and the River na Chinua Achebe da The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, duka ƙanana.

Wasu za su ce Hausa za ta ɓata wa yaro Turanci. Ina! Wanda ya iya bin zaren labari da harshensa, da wannan ƙwarewar zai shiga kowane harshe. Wasu kuma su ce babu kuɗi, kuma gaskiya ne, ana fama. To gida shida su haɗu mana, kowa ya sayi ɗaya, a riƙa musaya duk Juma'a. Kafin a koma makaranta kowane yaro ya karanta shida da kuɗin guda.

Rabin awa bayan Magariba ta isa. Kada a mai da abin jarrabawa. Ka ce ya ba ka labarin ana cin tuwo, ka tambaye shi wa ya fi burge shi. A rage wa 'yan mata wanke-wanke a wannan lokacin, don su ake fara mantawa. Mu ma iyaye mu kife waya, domin yaron da bai taɓa ganin littafi a hannun babansa ba, da wuya wa'azi ya shige shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa su fi mu.