Waƙar da muka saurara sau dubu, ba a ƙirga ko ɗaya ba



Matasa da dama na zuwa wajenmu a gidan rediyo da waƙoƙinsu cikin kati memuwar, tambayarsu ɗaya ce: yaya za a sa su a Spotify su fara cin kuɗi? To bari mu faɗi yadda abin yake.

Spotify ya shigo Nijar a 2021. Boomplay kuwa da yawanmu mun tarar da shi ne cikin wayar Tecno ko Itel, don gida ɗaya suka fito, kamfanin Transsion na ƙasar Sin. A Spotify sai an saurari waƙa daƙiƙa 30 ake ƙirga ta. Kuma tun 2024, waƙar da ba ta kai sauraro 1000 cikin wata 12 ba, ko dala ba ta samu. Kuɗin ma ba farashi ɗaya ba ne: abin da aka tara a ƙasa, na abonma da na talla, shi ake rabawa. Sauraron mutumin Faransa ya fi namu tsada nesa ba kusa ba, tunda mu nan wa ke biyan abonma bayan kuɗin forfe?

Yaya muke sauraro a nan? Mutum guda ya sauke waƙa inda rezo ke da ƙarfi, ya tura ta Xender ko Bluetooth, ko a je wajen mai caji a kasuwa a cika kati. Waƙa ta zagaye Kornaka, ta kai Bermo, kowane ɗan kabu-kabu na jin ta, amma a lissafinsu sauraro ɗaya ne tak. Mdou Moctar ma ta cikin wayoyi sunansa ya fara yawo, kafin wani kamfanin Amurka ya sa shi a faifai a 2011.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yadda waƙar kanta ke canzawa. Mai goge ko mai kalangu da ke ɗaukar minti 15 yana jero kirari, yana ambaton kakannin mutum da garuruwan da suka ratsa, sauraro ɗaya ne, daidai da waƙar minti biyu. Shi ya sa yaranmu suka koma gajeru, amshi tun farko, don kar a tsallake su. Da yau Shata ya taso, anya na'urar za ta bari ya gama share fage? Kuma ka buɗe manhajar, na Legas da na Kano take jero maka. Ba mu ƙi su ba, wallahi muna sa su kullum, amma makaɗin Tarka ba ya cikin jerin sam.

Mai sabuwar waƙa ya fara yin rajistarta a BNDA, hukumar kare haƙƙin mawaƙa. Kuma har gobe, liƙin dare ɗaya a gidan biki ya fi abin da yawancin makaɗanmu za su gani daga can cikin shekara. Masu kiran waya a shirin gaisuwa, ku riƙa neman na gida da sunansu, za mu sa.