Babur Ya Sauya Ƙafa, Saura Mahayi

A arewacin Jihar Idaho ta ƙasar Amurka, kusa da garin Sandpoint, inda tafiyar kilomita 100 za ta kai mutum iyakar Kanada, akwai wani dattijo makaniki wanda ya shekara talatin yana hawan babur ɗin daji, watau dogon babur ɗin nan mai kaushin taya da ake ratsa duwatsu da kwazazzabai da shi. A da, da zarar watan Nuwamba ya kama, dusar ƙanƙara ta fara rufe tsaunuka, sai ya wanke babur ɗinsa ya lulluɓe shi da tamfol, ba ya sake waiwayarsa sai bayan wata biyar. Dalili kuwa shi ne taya ba ta da abin kamawa a cikin dusa, juyawa kawai take yi tana haƙa wa kanta rami.

Ashe a garin nasu ne za a sami maganin abin. Wajen shekarar 2010 wani mutumin yankin, Allen Mangum, mai kamfanin Timbersled, ya fito da waɗansu kayan haɗi da ake ɗaura wa babur ɗin daji ya koma abin hawa a kan dusa. Ba shi ne ya fara gwada wannan dabara ba, amma nasa ne ya karɓu, har babban kamfanin nan na Polaris ya saye Timbersled a 2015. Zuwa 2017 an shigar da tseren irin waɗannan babura cikin wasannin X Games a garin Aspen, inda Brock Hoyer, ɗan ƙasar Kanada, ya ci lambar zinariya. Duk wannan dattijon yana gani, yana tara kuɗi, domin kayan ba su da araha. Da suka cika, sai ya saya.

Ran wata Asabar ya shiga gareji shi da ɗansa saurayi. Suka ɗage babur, suka cire tayar gaba, suka ɗaura wani faffaɗan allon sulɓi a madadinta. Sa'an nan suka koma baya, suka kwance taya da ƙarfen da ke riƙe da ita, suka shigar da wata doguwar ƙafa irin ta katafila, wadda bel ɗin roba mai haƙora ya kewaye. Tsawon bel ɗin inci 120 ne, haƙoransa kuma sun haura inci biyu, su ne ke cakar dusa suna tura babur gaba. Sarƙar da ke fitowa daga inji ba ta canza aiki ba, sai dai yanzu wani ƙaramin gindi take juyawa, shi kuma ya miƙa ƙarfin ga bel. Birki ya zama guda ɗaya tak, a jikin ƙafar baya, domin allo ba ya cin birki. Kafin la'asar aiki ya kammala.

Saura inji. Shi injin babur an ƙera shi ne don ya yi fama da zafi, to ga shi an kai shi inda sanyi ne abokin gaba. Idan bai ɗumama sosai ba, fetur yakan zurara ya gauraya da baƙin mai, ya tsinka shi. Saboda haka dattijon ya sa masa na'urar da ke tsare ruwan lagireto har sai ya yi zafi, ya ɗinka masa riga, ya sake matatar iska da wadda dusa ba ta toshewa, ya kuma ɗaura galan ɗin fetur a baya, don kuwa tafiya cikin dusa tana shan mai ƙwarai. Wannan duka bai ba shi wuya ba, sana'arsa ce.

Abin da ya ba shi wuya shi ne kansa. Ranar farko da ya tsaya, sai ya sauke ƙafa ƙasa kamar yadda ya saba shekara talatin, ƙafar ta nutse har cinya, babur ya bi shi suka kwanta tare, ɗan yana ta dariya. A kan hanyar da ta daskare allon ya riƙa fizgarsa dama da hagu kamar baƙon doki. Amma da suka shiga dusa mai zurfi, mai laushi kamar garin alkama, sai abin ya zama wani iri. Babur ya riƙa shawagi, yana bin jikin mai shi duk inda ya karkata, yana kurɗawa tsakanin itatuwa. Motar dusa mai allo biyu, wadda nauyinta ya kai wajen kilo 200, sai ƙwararre ke iya ratsa gefen tsauni da ita, alhali kuwa shi wannan siririn babur ko sabon shiga yakan ratsa da shi a makon farko.

To, a nan haɗarin yake. Wahalar da ke hana mutane kaiwa waɗansu wurare ita ce ke tsare rayukansu ba su sani ba. Dusa takan sauka ne hawa-hawa, wani hawan ya kama na ƙarƙashinsa, wani kuwa ya zauna a kan mai rauni. Idan gangare ya kai digiri 30 zuwa 45, nauyin mutum ɗaya ya isa ya ɓalle hawan sama ya zaftaro gaba ɗaya. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko galibi yakan rayu, bayan haka kuwa numfashi ke ƙare masa. A Amurka kaɗai, yawanci mutum fiye da 20 ke mutuwa ta wannan hanya a kowane hunturu.

Dattijon ya sha jin wannan, amma jin kunne. Wata rana cikin Janairu, bayan kwana biyu ana zuba dusa, gari ya waye tangaran. Suka fita su biyu, ba shebur, ba komai sai abinci da sifana. Saurayin ya hango wani farin gangare da ba wanda ya taɓa takawa, ya murɗa mai ya nufi tsakiyarsa, uban yana tsaye a gefe yana jin daɗin ƙwarewar ɗansa. Sai ya ji wani irin gum a ƙarƙashin ƙasa, ya ga tsaga ta gudu a saman yaron, farin gangaren nan ya farfashe ya taho da shi.

Zaftarewar ba babba ba ce, shi ya sa ake ba da labarin a gida ba a maƙabarta ba. Ta tsaya da yaron a binne zuwa ƙirji, kai da hannu ɗaya a waje. Amma dusar da ta zaftaro ba ta da laushi, tana tsayawa take ƙanƙarewa kamar siminti. Uban ya yi ta tono da hannu da ɓallen roba daga jikin babur, yana cewa, "Yi numfashi, ɗana, ga ni nan." Sai da ya kusa rabin sa'a kafin ya fid da shi. A kan hanyar komawa lissafi ɗaya yake ta yi: da kan ne ya nutse, da rabin sa'ar nan ta yi yawa.

Uwar yaron ba ta yi faɗa ba. Mabuɗan baburan biyu ta ɗauka ta adana, ta ce wa maigidan ba za ta fito da su ba sai sun je sun koyi abin da ya kamata su koya tun farko. Haka dattijo mai furfura ya zauna a aji tare da sa'o'in ɗansa. Aka koya musu karanta hasashen da cibiyar yankin ke fitarwa, mai matakan haɗari biyar. Aka koya musu rataya 'yar na'urar da ke aika sigina daga ƙarƙashin dusa, da neman wanda ya binnu da doguwar sandar bincike, da yadda ake haƙa da shebur. Aka kuma gargaɗe su kada mutum biyu su hau gangare ɗaya a lokaci guda, domin in duka suka binnu babu mai tono.

Har yanzu, duk Nuwamba, sukan shiga gareji su cire tayoyi, aikin da hannunsu ya saba da shi har ba ya cin fiye da sa'a uku. Amma dattijon yakan gaya wa samarin da ke kawo masa baburansu cewa babur yini ɗaya ya ishe shi sauya ƙafa, mahayi kuwa sai ya yi hunturu da yawa. Ranar da hasashe ya nuna haɗari ya yi sama, komai kyan gari, a cikin itatuwan kwari suke yini, ko su zauna a gida. Masu iya magana sun ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Shi ya ji hohon sau ɗaya, kuma da sauƙi ya zo masa, ba ya neman na biyu.