Akun Mahaifina

Da mahaifina ya rasu, cikin abin da ya bar mini har da wani aku mai jar wutsiya, wanda ya iya kwaikwayon sallamarsa. Da hunturu ya shigo sai tsuntsun nan ya kama susa ba dare ba rana, har ya fige gashin ƙirjinsa. Na ce lalle ƙwarƙwatar kaji ce, na tasam ma barbaɗa masa maganin ƙwari. Allah ya taimake ni na fara kai shi wurin malamin dabbobi.

Malamin ya duba, bai ga ƙwaro ko ɗaya ba. Ya ce, "Malam, da ka barbaɗa, da wataƙila ka kashe shi. Aku ɗan kurmi ne, inda iska ke da laima. Hunturu ya busar masa da fata, ga hayaƙin murhu. Gyaɗa tsura kuwa ba ta da bitamin A mai gyara fata. A kurmi kwakwar manja yake ci. Sa'an nan wa ke hira da shi? Kaɗaici ma yakan sa aku figar kansa."

Kunya ta kama ni. Na kawar da kejin daga bakin madafa, na riƙa yayyafa masa ruwa da hantsi, ina ba shi gwanda da karas. Da maraice in zauna mu taɓa hira. Kafin damina ta yi nisa gashi ya tsiro.

To, jama'a, kowa ya tsare tsuntsu, hakkinsa na wuyansa. Yanzu in na komo gida, da muryar mahaifina akan tarye ni.