Abin da aikin tafinta ya koya mini a Adar

Shekarar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari saboda fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, ita ce ta mai da ni tafinta. A shekarar aka soma babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, hukumar PAM kuma na biyan ma'aikata da abinci. Masana ƙasa da na itatuwa suka yawaita a Keita da Buza da Madawa, kowa na neman mai isar masa da magana ga manoma. Ina da Faransancin lakwal, Hausa kuwa da ita aka goye ni, don haka na shiga aikin da ƙungiyoyi dabam-dabam.

1. Kalma ɗaya tana iya watsa taro. Fako shi ne tudun da ruwa ya wanke har ya bar tsakuwa, ko ciyawa ba ta fita a kansa. Gyaransa a Faransanci ana ce masa *récupération des terres*, kuma ma'anar farko ta kalmar ita ce karɓo abin da ya kuɓuce. Haka na faɗa a wani ƙauye: an zo a karɓe ƙasa. Dattawa suka yi tsit, washegari wurin aiki ba kowa. Mai gari ya kira ni ya ce, "Yaro, wa zai karɓa, kuma daga hannun wa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, daga hannun zaizaya ake nufi." Ya ce, "To ka ce za a raya fako. Abin da ya mutu raya shi ake yi." Daga baya na gane tsoronsu yana da tushe. Fako ko ya mutu yana da masu shi, kuma ranar da ya soma ba da gero, ranar ake tuna iyakar kakanni. Sai a 1993 Nijar ta yi dokar karkara da ta kafa kwamitocin kula da mallakar filaye. Kafin nan, bakin tafinta na iya kunna rikicin gona bai sani ba.

2. Hannu da zuciya ba su da ma'ana ɗaya a ko'ina. Idan Bafaranshe ya ce mutum na da dogon hannu, yabo ne: yana da hanya wurin manya. A kasuwar albasa ta Madawa wani baƙo ya so ya yabi wani dillali da wannan magana, na ce wa dillalin, "Alhaji, ya ce kai mai faɗa a ji ne," domin dogon hannu a wurinmu sata ce. Haka wanda suka ce yana da zuciya, mai tausayi suke nufi, mu kuwa in mutum ya yi zuciya fushi ya yi. Murna da ɓacin rai a ciki muka ajiye su, fari da baƙi. Amma akwai inda harsunan biyu suka gamu: tashin zuciya a wurinmu da ciwon zuciya a bakin Bafaranshe duk alamar amai ce.

3. Wani lokaci ma'anar fili ita ce daidai. Ramin da ake haƙawa a gangare, bakinsa na kallon tudu don ya tare ruwa, Turawa sun kira shi rabin wata, mu ma muka kira shi haka, sunan ya zauna. Wanda ya ɗauka kwana 15 ake nufi, ana zana masa siffar a ƙasa da sanda ya gane. A kwarin Majiya kuwa, inda aka soma dasa layukan dogon yaro tun 1975, fassarar kai tsaye ta sunansu na Faransanci ita ce "karya iska". Na guje ta, domin iska a kunnen tsofaffi ba wadda ke kaɗawa kaɗai ba ce. Nakan ce shingen itace mai tare guguwa.

4. Cin rani ba gudun hijira ba ne. Wannan ya fi kowanne tsaya mini a rai. Rahotannin ofis suna kiran tafiyar samarinmu *exode*, kalmar da asalinta ke komawa ga fitar Bani Isra'ila daga Masar, wato tashin al'umma ba dawowa. Hausa ta ce cin rani. "Ci" a harshenmu ya wuce baki: ana cin kasuwa, a ci bashi, a ci sarauta, a ci amana. Mai cin rani yakan gama girbi, ya nufi Kano ko Legas ko Abijan ko Libiya, ya rage wa rumbu baki ɗaya, ya dawo da ruwan shuka ɗauke da kuɗin iri da tufafi da na aure. Dawowar tana cikin sunan. Da aka sa ni in gaya wa mata cewa aikin zai hana cin rani, wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, in an hana su tafiya, wa zai kawo kuɗin sabulu?" Matan nan ne mafi yawan masu ɗaukar duwatsu a ka a wuraren aikin Keita, saboda mazan suna can, kuma ba su ɗauki kansu waɗanda aka guje wa ba. Gaskiya ne yanzu wasu kan shekara biyu ko uku ba su waiwayo gida ba, wasu ma hamada ta cinye su a hanyar Agadas, kuma wannan abin kuka ne. Duk da haka ina ganin wanda ya rubuta *exode* ya ga kangon gari ne kawai, don haka maganin da zai rubuta ba na ciwon da ake yi ba ne.

5. Harshe sai da masu kula da shi. Mutanen Kataloniya a Sifaniya sun ga harshensu ya fita daga makaranta da ofis a zamanin Franco, daga 1939 zuwa 1975. Suna da ƙamus na Pompeu Fabra tun 1932, kuma a 1985 suka kafa cibiyar TERMCAT a Barsalona, aikinta tantance kalmomin ilimi da sana'a, don kada Sifananci ko Turanci su shigo musu ɗanye. Mu ma muna da abin tutiya: ƙamus na Bargery ya fito a 1934, Damagaram ta buɗe makarantar gwaji da Hausa a 1973, sannan a watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Abin da ke damuna shi ne takardun gwamnati su zama Faransanci sanye da rigar Hausa, kalma bayan kalma, manomi ya ji sautin harshensa amma bai fahimci komai ba. In za a kafa cibiya irin TERMCAT a Nijar, ina fatan ma'aikatanta su bar Yamai su zauna a kasuwannin Tamaske da Karofane da Bangi da littafi a hannu. Su fara da sunayen ƙasar noma, jigawa da fadama da fako, su tambayi tsofaffin manoma me ake shukawa a kowace, da yadda ake gane ta gaji.