Dokin Ƙarfe da Sauron Daji

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Mu dai ba a aji muka fara fahimtar wannan zance ba. A gindin wata bishiya muka fahimce shi, a gefen dajin Kanawa, ranar da ɗaya daga cikinmu ya kwanta yana dalalar da miyau, kekensa yashe a gefe guda, mu kuwa muka yi cirko-cirko a kansa, an rasa mai cewa uffan. Abin da ya kai mu ga wannan hali, da abin da muka koya bayansa, shi muke so mu shimfiɗa wa mai karatu.

Mu biyar ne, dukkanmu ɗalibai. Mun ɗaukar wa kanmu al'adar fita yawon keke duk ranar Asabar. Da an sallame sallar Asuba sai mu taru a Tudun Wada, kowa da dokin ƙarfensa, mu miƙi hanyar Biu, mu wuce Liji, mu ratse cikin dajin Kanawa mu bi 'yan burtalai da hanyoyin masu itace. Ranar da muke jin ƙarfi kuwa sai mu zarce Kwadon, har mu dangana da Dadin Kowa, tafiyar fiye da kilomita 30, inda aka datse kogin Gongola tun shekarar 1984. A can mukan zauna mu ci guzurinmu muna hangen Dutsen Bima. Duk wanda ya kwana shida cikin hayaniyar Gombe da ƙurarta, shi ya san daɗin wannan iska.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Da damina ta kankama, dajin nan kan zama na masu shi. Muddin keke na gudu lafiya lau. Da zarar an tsaya gyaran sarƙa ko faci, sai ƙwari su yi mana caa. Ga sauro a inuwar duhuwa, ga kaska a cikin ciyawa tana jiran ƙafar wando, ga kuma ɗan ƙaramin baƙin ƙudan nan na bakin ruwa mai gudu, wanda ba ya kuka ba ya sallama, sai dai mutum ya ga ɗigon jini a idon sawunsa. Mukan dawo gida muna soshe-soshe kamar masu ƙazwa. A wata damina ma babbanmu ya kwanta zazzaɓi ana saura kwana uku jarrabawa, har ya rasa takarda guda. Ko a daji ya samo shi ko a ɗakin kwana, Allah masani, amma mu daji muka ɗora wa laifi, muka kuma ƙudurta sai mun nemi makami.

Ƙaramin cikinmu ne ya ce ya samo dabara. Ya sayi fiya-fiya a hannun wani mai talla, irin wanda ake yayyafawa a ɗaki a rufe ƙofa, ya zuba a cikin man shafawarsa ya cakuɗa. Hujjarsa ita ce, abin da ke kashe sauro a ɗaki ai ba zai bar shi ya sauka a jiki ba. Da asubar wata Asabar ta watan Agusta ya shafe hannuwansa da ƙafafuwansa da wuyansa. Ya miƙo mana, muka ƙi, ba don wani ilmi ba, sai don warin ya yi mana yawa. Har tsokanarsa muka riƙa yi a hanya, muna ce masa yau ko aljanun dajin sai sun ba shi hanya.

Hantsi na ɗagawa, zufa ta fara karyo mana, sai ya ce kansa na sarawa. Can ya ce ganinsa ya dushe. Kafin mu ankara ya sauka daga keke yana tangaɗi, ya durƙusa yana amai, hawaye da majina da miyau na zuba, numfashinsa na fita da ƙyar. Allah Ya taimake mu da wani dattijo da ke noma a nan kusa. Ya ajiye fartanya ya zo, ya sunkuya ya shinshina hannun yaron, ya buɗa idonsa ya ga ƙwayar ta tsuke kamar bakin allura.

"Samari, me yaron nan ya shafa?"

"Baffa, maganin sauro ne," in ji mu.

"Wannan ba maganin sauro ba ne, 'ya'yana, maganin feshin gona ne. Na sha ganin masu feshi sun faɗi haka. Ku tuɓe masa riga maza!"

Ya aika jikansa ya kawo ruwa da sabulu, muka wanke shi tas tun daga wuya har ƙafa. Wani daga cikinmu ya ce a nemo manja ko madara a ɗura masa, dattijon ya ce babu lokacin wannan, a fita da shi bakin titi. Wata a-kori-kura da ta ɗauko kayan gwari ita ta kai mu asibiti a cikin gari, aka yi ta yi masa allurar atrofin har numfashinsa ya daidaita. Likitan ya ce wankan nan ya taimaka ƙwarai, kuma da mun ɗura masa manja da wataƙila ya shaƙe shi zuwa huhu, an tashi daga wata matsalar an faɗa wata. Kwanansa uku a kwance. Mahaifiyarsa da ta zo ba ta yi mana faɗa ba, kallonmu kawai ta yi ta ce, "Ashe duk karatun naku bai kai nan ba?" Wannan tambaya ta fi mana bulala zafi.

Ita ce kuma ta sa muka koma bincike. Abu na farko da muka gane shi ne, kalmar "maganin sauro" ta haɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka. Akwai mai kashewa, akwai mai korewa. Fiya-fiya mai kashewa ne. Galibi sinadarin dikilorbos ne a cikinsa, wanda ke rikita aikin jijiyoyin ƙwaro, kuma haka yake yi wa na ɗan Adam idan ya ratsa fata, balle fatar da ta jiƙe da zufa a cikin zafin rana. Saboda haɗarinsa ne ma hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben irin wannan maganin gona a shekarar 2019. Mai korewa kuwa ba ya kashe komai. Yana rufe wa sauro hanyar gane ƙanshin jikin mutum ne, ko ya sa ya ƙyamaci sauka a kansa.

Daga cikin masu korewa, wanda ya fi daɗewa ana gwada shi shi ne wanda ake rubuta sunansa a jikin kwalba da haruffa huɗu, wato DEET. Ma'aikatar Gona ta Amurka ce ta samar da shi domin sojoji a 1946, aka ba jama'a izinin amfani da shi a 1957. Lambar da ke jikin kwalbar tsawon lokacin aikinsa take nunawa: mai kashi 10 cikin 100 yakan kare mutum kimanin awa 2, mai kashi 30 kuwa kimanin awa 5, kuma abin da ya haura kashi 50 ba ya ƙara wani abin kirki. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2002, mai kashi 23.8 ya yi kusan awa 5 yana aiki, alhali na man tsiron sitronela bai wuce minti 20 ba, abin ɗaurawa a hannu kuwa bai tsinana komai ba. Amma mai keke ya sani cewa zufa na wanke magani, don haka lissafin kwalba ba lallai ya zama lissafin hanya ba.

DEET na da nasa sharuɗɗan. Ba a shafa shi a kan rauni ko kusa da ido da baki, ba a shafa shi a ƙarƙashin tufa, ba a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba, kuma idan an dawo gida a wanke shi da sabulu. Har ila yau yana cin roba da leda. Mun ga haka da idonmu, domin robar kan keken ɗayanmu ta yi danƙo, fuskar agogonsa ta dushe. Wanda ke gudun wannan sai ya nemi mai sinadarin fikaridin, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya ƙirƙiro a shekarun 1980. Mai kashi 20 na aiki kusan daidai da DEET, ba ya ɓata roba, ba shi da wari sosai. Akwai kuma farmetrin, wanda tufafi ake fesa wa a bari su bushe, ba fata ba, kuma ya fi komai maganin kaska.

Ba mu raina hikimar iyayenmu ba. Hayaƙin ɓawon lemu da ganyen maina da na ɗoɗɗoya na rage sauro a tsakar gida, inda mutum ke zaune wuri guda. Amma hayaƙi ba ya bin mai keke, kuma man tsirrai kan bi iska cikin ɗan lokaci.

Abu na biyu da muka gane shi ne, kowane ƙwaro da lokacinsa da cutarsa. Sauron da ke kawo zazzaɓin maleriya daga magariba zuwa asuba yake farauta, wato fitarmu ta sassafe da dawowarmu ta almuru su ne lokutan haɗari. Ba ƙaramin abu ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 kimanin kashi 27 cikin 100 na masu wannan zazzaɓi a duniya a Nijeriya suke. Sauron zazzaɓin shawara kuwa da rana yake cizo, kuma maƙwabtanmu na Bauci sun ɗanɗana a 2019, lokacin da cutar ta ɓulla a yankin Alkaleri aka danganta ta da gandun dajin Yankari. Babbar garkuwarta allurar rigakafi ce, sau ɗaya a rayuwa. Shi kuma baƙin ƙudan bakin ruwa, shi ke yaɗa tsutsar da ke makantar da mutanen bakin kogi bayan shekaru ana cizonsu. Da feshin wuraren haihuwarsa da rabon ƙwayar Mectizan, wadda ake bayarwa kyauta tun 1987, aka ci ƙarfin cutar, har a watan Janairun 2025 aka tabbatar da Jamhuriyar Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da ita. Ƙudan tsando kuwa bai cika jin maganin shafawa ba. Abu mai motsi da tufa shuɗiya ko baƙa ke jawo shi, don haka sutura mai kauri, mai launin ƙasa, ita ce maganinsa.

Ba mu daina fita ba. Abin da ya canza shi ne shirinmu. Yanzu dogon wando muke sawa mu cusa ƙafarsa cikin safa, da riga mai dogon hannu. Mukan karanta jikin kwalba kafin mu saya, mu duba lambar rajistar NAFDAC, duk abin da aka ɗura a kwalbar da babu rubutu kuwa mu bar wa mai shi kayansa. Mukan yi ƙoƙarin shigowa gari kafin magariba, mu dudduba jiki ko kaska ta maƙale, mu kwana cikin gidan sauro. Wanda ya ji zazzaɓi kuma ba ya jiran gobe, gwajin jini yake zuwa.

Bayan abokinmu ya warware mun koma wurin dattijon nan da ɗan goro da sukari domin godiya. Ya karɓa ya sa mana albarka, sa'an nan ya dubi yaron ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, garin gyaran gira ka so ka rasa ido." Muka yi dariya gaba ɗaya, amma kowannenmu ya san a ransa cewa wari kaɗai ya hana mu kwanciya mu biyar a gindin bishiyar nan. Saboda haka muke kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai, musamman masu sha'awar shiga daji da mazauna ɗakunan kwana inda fiya-fiya ya zama abokin kwana, da su bambance mai kashewa da mai korewa, su kuma tambayi masana kafin su shafa wa jikinsu abin da ba su sani ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyashe mu, amin.