Ledar da ke Tsufa a Madadin Fenti

Shekara da shekaru ledar tana manne a gaban tayoyin baya na Porsche 911 ɗinsa, inda ƙugun motar ya buɗe, tana tare tsakuwar da tayoyin gaba ke watsowa. Rana ta rine ta rawaya, gefenta ya tsattsage.

Da tururi ya ɗaye ta, sannu a hankali, domin mai fizga da gaggawa kan tafi da fentin asali, darajar motar kuma ta bi shi. Da ya goge sauran gam, sai ga launin ƙarƙashi ya fi na kewayensa haske.

Ya jima yana dubawa. Sannan ya fesa ruwan sabulu, ya shimfiɗa sabuwa, yana sane cewa ita ma lalacewa ce aikinta.